Ranar Da Na Bi Kalangu Na Bar Tsuntsaye

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Na daɗe ina son rubuto wannan labari, sai dai ni mutumin allura ne, alƙalami yana yi mini nauyi. A ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da Gusau ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ni saurayi ne mai ɗinkin tamfol a bakin tashar manyan motoci. Ɗan Bungudu ne ni, ɗan manomi, amma tun ina ƙarami fartanya ba ta karɓe ni ba, shi ya sa aka kai ni koyon ɗinki. Kekena irin na takawa ne, ƙato, kuma ƙafata ta dama ce ke juya shi tun safe har la'asar sakaliya. Da ita nake ci, da ita nake taimakon gida. Ina da baki, ina da son a sani, idan aka yabe ni kuwa kaina kan kumbura har hula ta matse ni. Wannan hali ne ya kusa raba ni da ƙafar.

Wata rana wani Bature da ke aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse ya zo rumfata da wani yadi ja da fari, ya yage ta gefe ɗaya. Yadin ba nauyi, ga santsi irin na laima. Na tambaye shi ko tanti ne. Ya yi dariya, cikin gurguwar Hausarsa ya ce fiffike ne, da shi yake tashi sama duk Asabar daga kan dutsen Kwatarkwashi. A raina na ce ranar Zamfara ta taɓa kan bawan Allah. Na dai ɗinke masa, ya ja ɗinkin ya ga bai motsa ba, sai ya ce in ban yarda ba in zo in gani da idona. Na je ne don in samo abin ba da dariya a tasha. Na ga ya ɗaure yadin a kan sandunan alminiyon, ya sa hular kwano, ya rataye kansa a ƙarƙashin fiffiken cikin wata jaka da mutanen garin suka laƙaba wa suna majanyi. Ya riƙe sandar gaba, ya ruga zuwa bakin gangara, sai kawai na ga ƙasa ta sake shi. Babu inji, babu ƙara. Ya yi ta zagaye yana ƙara sama, maiki biyu na zagaye kusa da shi ba su ko kula shi ba. Ni da na zo yin dariya, sai ga ni baki buɗe, idona ya ciko da hawaye, don ɗinkina ne ke riƙe da mutum a sararin Allah.

Tun daga ranar Asabar ta daina zama ranar aiki a wurina. Ya fara koya mini a ƙananan tuddai da ke wajen 'Yandoto, ta hanyar Tsafe, inda ko ka faɗi ƙaya ce kawai za ta gaishe ka, kuma ta gaishe ni har ta gaji. Gudu da fiffike da yadda ake karkata jiki ba su ba ni wuya sosai ba. Abin da ya fi nanata mini shi ne karatun iska. Mukan kafa sanda a bakin gangara mu ɗaura mata ƙyalle. Sai iska ta daki fuskarka, ta zo a natse, ƙyallen ya miƙe yana nuna bayanka, sannan za ka ruga. Bayan ƙyalle kuma sai tsuntsaye. Idan maiki da shirwa suna zagaye ba sa kaɗa fiffike, to iskar ɗumi na hawa, ranar taka ce. Idan kuwa ka ɗaga kai ka ga sama ta zama wayam, sun sauka ko sun watse, to ka naɗe kayanka ka tafi gida. Ya ce hantsin kaka ya fi kowane lokaci daɗi, yammacin bazara kuma ya fi kowane lokaci mugunta saboda guguwa da iskar gaban hadari. Sau da yawa mukan sha wahalar hawa dutsen, ya dubi sama ya ce a naɗe, har na riƙa kiransa sarkin naɗi. A hankali na kai ga tashi daga kan babban dutsen ni kaɗai. Ba ni da bakin faɗa muku daɗin abin. Kana ganin gonaki da rumbuna da shanu ƙanana, kana jin kiran sallar azahar yana hawowa daga ƙasa.

Da aikinsu ya ƙare zai koma ƙasarsu, sai ya bar mini fiffiken. Na kai labari gida ina ta zuba. Baba, wato mahaifina, mutum ne marar yawan magana. Bai hana ni ba, bai kuma yaba ba. Ya daɗe yana kallon ƙafata, sannan ya ce, “Ƙahwag ga da kaka taka keke da ita, ba kai ɗai ad da ita ba.” Na ce na ji, amma a bakin kunne maganar ta tsaya.

Abin ya faru wata Asabar a ƙarshen bazara, ana dakon ruwan shuka. Wani abokina direban a-kori-kura ne ke kai ni da kayan, shi ne kuma ke riƙe mini hancin fiffiken kafin in ruga. Mun makara a hanya, ba mu hau dutsen ba sai bayan azahar. Ashe ana biki a garin, da aka ga motarmu sai 'yan biki suka biyo mu, maza da samari, har da makaɗinsu da kalangu a hammata. Ina gama ɗaura fiffiken na dubi ƙyalle, na ga ya faɗi ya lanƙwashe a jikin sanda. Na ɗaga kai, babu maiki, babu shirwa, ko ungulu babu. Can gabas, ta bayanmu, gari ya fara yin baƙi. Na san karatun sarai, ba wanda ya ruɗe ni. Na ce wa abokina mu naɗe, har na sa hannu a igiyar farko.

A daidai nan makaɗin ya saki kalangu. Ya kira ni maikin Gusau, ya ce telan da ya ɗinka wa kansa hanyar sama. Da a nan ya tsaya, da na yi dariya na ci gaba da kwance igiya. Amma wani ya raɗa masa asalina, sai na ji ya ambaci sunan Baba, ya ambaci na kakana, ya ce gidansu ba a taɓa jin an kira su a fage sun juya baya ba. Wanda ba ɗan wajenmu ba ne zai ce ai kiɗa ne kawai. Mu kuwa mun taso muna ganin yadda ganga ke shigar da ɗan dambe fage da karyayyen hannu. Idan makaɗi ya kira ubanka a gaban jama'a, kai ka ja da baya, gani kake uban ka kunyata. Na saki igiyar da na fara kwancewa. Abokina ya riƙe mini riga, ya haɗa ni da Allah, ya ce in dubi gabas. Na fizge, na ce masa iskar za ta ba ni ɗan lokaci, in leƙa in sauko. Na shiga majanyi, na yi bisimilla da baki, zuciyata kuwa kalangu take saurare.

Na ruga, ƙasa ta sake ni, na ji ihun mutane a bayana. Daɗin bai daɗe ba. Iskar gaban hadari ta zo ta baya ta daki fiffiken, hancinsa ya duƙa, sandar riƙo ta daina jin maganata. Na ga wata bishiyar gawo tana taso mini. Rassanta ne suka rage mini ƙarfin faɗuwar, suka kuma yayyaga yadin, sannan na sauka a kan wani falalen dutse da ƙafar dama. Na ji ƙarar karyewar kafin in ji zafin. Da na duba, ƙashin ƙaurina ya huda fata ya leƙo. Abin da ya fara zuwa raina ba mutuwa ba ce, matakin kekena ne.

A bayan a-kori-kura aka kwantar da ni, ruwan farko na shekarar na dukanmu. Abokina ya nufi Tsafe da ni wurin wani tsoho mai ɗori da direbobi suka yarda da shi. Allah ya saka wa tsohon nan da alheri. Ya duba kawai ya ce wannan ba aikin ɗorin kara ba ne, tunda ƙashi ya sha iska da ƙasa, a yi maza a kai ni asibiti. A asibitin Gusau aka wanke, aka gyara, likita kuma bai ɓoye mana komai ba. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙarinsu, amma idan ciwon ya ruɓe, sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa don a ceci raina.

Baba ya iso da tabarmarsa da butarsa, ya shimfiɗa a gefen gadona. Ku tuna ruwan shuka ya sauka, kowane manomi na gona, shi kuwa bai taɓa barin wani ya jefa masa iri ba tun da na san shi. A shekarar ya bar wa maƙwabta. Kowace safiya kafin a zo wankin ciwo, sai ya duƙa ya sansana bandejin, kamar yadda yake sansana hatsi idan ya buɗe rumbu, sannan ya ɗago ya ce alhamdu lillahi, babu wari. Ni kuwa na kasa haɗa ido da shi. Jira nake ya yi mini faɗa in samu sauƙi, ya ƙi. Wata rana da hantsi na gaji, na fashe da kuka na faɗa masa cewa na ga alamun duka, sunansa da aka kira ne ya tura ni. Sai ya yi murmushi. Ya ba ni labarin wata gayya da aka yi yana saurayi, inda makaɗin noma ya kira sunan kakana, shi kuma ya yi ta huɗa cikin rana har ya faɗi aka ɗauke shi ranga-ranga. Ya ce da ya farfaɗo, kakana ya gaya masa cewa shi yana gida yana shan furarsa, bai ji an kira shi ba, bai kuma aiki kowa ya mutu a madadinsa ba. Na yi dariya da hawaye a fuskata, rabona da dariya tun a kan dutse.

Ciwon bai ruɓe ba. Kafin a yanke gero an sallame ni da sanda, ƙafar ta kama, sai dai ta ɗan gajarce. Na koma rumfata, amma sai wani sabon abu ya same ni, tsoro. Nakan zauna a gaban keke, in ɗaga ƙafar, in mayar da ita ƙasa. Gani nake ina dannawa ƙashin zai sake ɓallewa. Na koma yankan tamfol da ɗinkin hannu, ina ce wa direbobi keken ne ya lalace. Fiffiken kuwa ban tambaya ba, na ɗauka an daɗe da cinna masa wuta.

Wata Asabar sai ga Baba ya sauko daga motar Bungudu da ƙunshi a ka. Ya kwance a gabana, sai ga yadin nan ja da fari, duk ya yayyage, har da ƙayar gawo a jikinsa. Ashe shi ya je ya sa aka sauko da shi daga bishiyar, ya adana a saman rumbu. Ya zauna a bencina ya ce, “Kai kay yaga shi, kai za ka ɗunke shi. Taka mu ji.” Babu yadda zan ce wa Baba keke ya lalace. Na sa yadin a ƙarƙashin allura, na ɗora ƙafar, na danna. Zafi ya harba har ƙuguna. Na sake dannawa, keken ya juya, ya kama waƙarsa da na sani. Baba ya rufe ido yana saurare har na kai ƙarshen layin. Da zai tafi ya ce bai hana ni hawa sama ba, amma daga yau tsuntsaye zan riƙa tambaya, ba makaɗa ba.

Abin da nake son matasa su ɗauka ke nan, ko ba su taɓa ganin fiffike ba. Da ɗan acaɓa da ake yi wa tafi, da direban da fasinja ke zugawa, da mai ninƙaya da ake yi wa ihu a bakin gulbi, duk kalangu ɗaya ake kaɗa mana. Ban riƙe makaɗin nan a raina ba, sana'arsa ya yi. Amma ranar da nake kwance a asibiti bai san ɗakin da nake ba, wanda aka kira sunansa kuwa shi ya bar shukarsa yana sansana mini bandeji. Idan ka ga alama ta ce ka dakata, ka dakata, kunyar ja da baya ba ta kai ko'ina ba. Ni yanzu na gaji sarautar naɗi, kuma ban taɓa yin nadamar ranar da na naɗe ba.

Sai da kaka ta zagayo ta wata shekarar na sake hawa dutsen, da sababbin sanduna, da hantsi, ba kowa sai ni da abokina. Ƙyalle ya miƙe, maiki na zagaye ba sa kaɗa fiffike. Na daɗe a sama ranar. Da na gangaro wata gonar dawa da aka girbe, na hango Baba tsaye a bakin kunyar gonar da sandarsa, ashe ya ji labari ya biyo bayanmu. Na sauka a kan ƙafafuna biyu, na ɗan ɗingisa, na tsaya. Bai ko ɗaga kai ya dubi fiffiken ba. Ƙafar ya duba, ya ce in tako in zo.