Merle Vandehey da Lambobin Aro

Ranar Litinin, 12 ga Mayu, labari ya iske mu a masana'antar cuku da ke jihar Wisconsin ta Amurka cewa maigidana a wurin aiki, Merle Vandehey, ya rasu a kan kujerarsa, kofinsa ko hucewa bai yi ba. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa.

Merle, kai ka haɗa kwamfutocin masana'antar nan, kai ka koya mini aiki, da faɗa da komai. Babu manomin da ya kawo matacciyar kwamfuta ka kore shi, sai dai ka zage ta tas sannan ka gyara. Ka koya mini cewa adireshin kowace na'ura a intanet lamba ce, kuma aji-aji ne: ajin A na ƙattai, B na jami'o'i, C na irinmu 'yan rabbana ka wadata mu. Ka ce an ware wasu lambobi, kamar masu farawa da goma, don amfanin cikin gida, kowa ya ɗiba. Duk ka sani sarai. Amma lambobin kwamfutocinmu tun kafin wannan tsari ka ƙirƙiro su da ka, ashe gonar wani ka shiga.

Mai gonar kuwa wani shafin intanet ne na hasashen yanayi. Duk wanda ya buɗe shi daga ofis sai ya faɗa kan ma'aunin zafi na ɗakin sanyinmu, ya ga saura ƙiris ruwa ya daskare. Kullum haka.

Na yi shekaru ina roƙonka mu koma kan goma. Amsarka ɗaya ce: "Yarinya, a Wisconsin wata takwas a shekara ma'aunin nan ba ya ƙarya. Wane mai hasashe ne ya kai shi? In kin taɓa lambar nan cuku ya lalace, ke za ki cinye shi?"

Ranar jana'izarka rana ta buɗe ƙwal. Sabon manajanmu, Mista Quintero, baƙo daga Arizona, jiha mai zafi, tun jajibiri ya duba yanayi a ofis, ba wanda ya tuna ya faɗa masa cewa sanyin ɗakin cuku yake gani. Sai ga bawan Allah a bakin kabari cikin jibgegen kwat da hular ulu, gumi na tsiyaya. Matarka Darlene ta kalle shi, ta kalle ni, dariya ta ƙwace mata, karo na farko tun rasuwarka. Ta ce, "Oh ni! Ya mutu ma bai bar halinsa ba."

Washegari manaja ya ce in gyara ko in nemi wani aiki. Jiya na mayar da komai kan goma, Merle. Cuku bai lalace ba, na ci gardama. Na buɗe shafin, ya ce zafi ake yi, kuma gaskiya ne. Wallahi sai da na kifa kai a kan tebur na yi kuka.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe kurakuranka, ya sanyaya makwancinka. Darlene da 'ya'ya da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.