Ƙwallon Ta Taɓa Ƙasa

Wata rana wani tsoho, Malam Jatau, ya hau mota daga Jos zuwa Zariya da magana guda a bakinsa. Shekara hamsin da biyu yana riƙe da ita.

Yaran yanzu ba ku san kurket ba. A da, ma'aikatan reluwe na buga shi. Jatau ne mai tsugunawa a bayan sanduna uku, da ƙatuwar safar hannu, yana cafe duk ƙwallon da ta wuce mai bugu. Shekara goma sha huɗu yana wannan tsuguno. Yatsunsa duk sun karkace, ko cokali da ƙyar yake riƙewa.

Dokar ita ce: in ƙwallo ta shafi katakon mai bugu, aka cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, ya fita.

Ranar da ake zaɓen waɗanda za su je gasa Ikko, amininsa Sallau ne ke bugu. Ƙwallo ta shafi katako, ta ɗan dangwali ƙasa, ta faɗa hannun Jatau.

Ba wanda ya gani sai su biyu.

Jatau ya ɗaga hannu ya kwarma ihu. Alƙali ya ce Sallau ya fita.

Sallau ya ƙi. A kurket kuwa, musu da alƙali babban abin kunya ne. Aka kore shi daga ƙungiya, aka laƙaba masa "Mai Gardama". Sunan ya bi shi har tsufa. Jatau ya je Ikko, hotonsa ya fito a jarida.

Da tsoho Jatau ya isa Tudun Wada a Zariya, sai ya tarar da tabarmi da butoci a ƙofar gidan Sallau. Ranar sadakar ukun Sallau ce.

Matar mamacin, Hajiya Kande, ta fito soro.

"Jatau ne? Kai ma ka tsufa."

"Hajiya, zuwa na yi in faɗa masa…"

"Maganar ƙwallo? Ai har jikoki sun haddace ta. In suna masa dariya sai ya ce, ku bari Jatau ya zo, shi ne a bayana. Wai rana ce ta kashe wa Jatau ido ran nan, amma Jatau ba ya ƙarya."

Ranar kuwa hadari ne a garin. Jatau bai manta ba.

Ya fito, ya tsaya gaban masu zaman makoki, ya ɗaga karkatattun yatsun nan.

"Jama'a, ku shaida. Ƙwallon ta taɓa ƙasa."

Aka dubi juna. Ba wanda ya san zancen da yake yi. Wani ya matsa masa a tabarma, ya ce, "Sannu Baba, zauna ka huta."

Darasi: Gaskiyar da ka danne, kai ta tun mai ita yana numfashi. In ya tafi, ko ka faɗa ba mai ji.

Na faɗi tawa. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai motar da ya kamata ya hau yau.