Uwar Leda ta Filin Jirgi

A filin jirgin babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Daga masu gadi har masu tura keken kaya, Uwar Leda suke ce mata, tana kuma amsawa har da ɗan ɗaga kai, kamar wadda aka naɗa wa sarauta. Sunan bai zo mata a banza ba. Saboda leda ta yi suna, saboda leda kuma ƙanwarta Auta, wadda suke ciki ɗaya, ta shekara biyu cur ba ta ce mata ko sannu ba.

Aikinta sharar jirgi, shekara goma sha shida tana yi. Wanda bai taɓa shiga jirgi bayan fasinja sun sauka ba, bai gama sanin halin ɗan Adam ba. Mutum zai fito fes, yana ƙamshin turare, ya bar cingam manne a ƙarƙashin tebur, ya cusa ƙunzugun jariri cikin aljihun kujera don wata baiwar Allah ta zura hannu ta ciro. Su shida ne, duk mata, ita ce shugabarsu, kuma minti ashirin da biyar ake ba su. A kwashe shara, a goge tebura, a ninke barguna, a wanke banɗaki, a fice kafin sababbin fasinja su hango su, don kamfani ba ya so a ga wadda ta share. Ita dai ba ta taɓa tashi sama ba ko sau ɗaya, amma ko an rufe mata ido za ta kai ka kujera ta talatin da biyu.

Mijinta ya rasu da wuri, bai bar mata komai ba sai haya. Auta kuwa a bayanta ta girma, ita ta goya ta, ita ta aurar da ita. Da aikin mijin Auta ya tsaya, ita ta yi ta safa da marwa a ofis har aka ɗauki ƙanwar a cikin rukuninta. Ranar da aka ba Auta rigar aiki, Uwar Leda da kanta ta rage mata tsawon hannun rigar.

Shekara biyar da suka wuce aka kawo sabon manaja, matashi mai laushin murya, irin waɗanda ko korarka za su yi sai sun tambayi lafiyar iyali. Ya tara masu shara a ɗakin canza kaya, ya ce hayaƙin jirage na ƙara wa duniya zafi, kuma kamfani ya ɗau alkawarin rage ɓarnar da yake yi. Matuƙa za su yi tsimin mai, injiniyoyi za su rage wa jirgi nauyi, su kuma masu shara ga nasu rabon. Ya ɗaga leda uku. Koriya ta roba ce, shuɗiya ta gwangwani da takarda, baƙa ta ragowar abinci. Ya ce robar za a narka ta a yi bokitai da kujerun makaranta, ba za ta ƙara zuwa bola ba.

Sauran matan abin da suka ji shi ne an ƙara aiki ba a ƙara minti ba. Ita kuwa wani abu daban ta ji. A unguwarsu duk damina sai lambatu ya toshe da leda, ruwa ya shigo mata har ƙarƙashin gado, don haka ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani. Bayan wannan, shekara goma sha ɗaya tana kwasar aman mutane, babu wanda ya taɓa ce mata aikinta ya shafi duniya. Ranar ta koma gida zuciyarta fari fat.

Ta ɗauki abin da zafi, zafin da ya fi na masu shi. Kofin roba ɗaya ya faɗa baƙar leda, sai ta zura hannu cikin miyar wani ta ciro shi. Gwangwani ya yanke ta a tafin hannu, aka yi mata ɗinki huɗu, washegari ta dawo da bandeji. Har a gida ta kafa bokiti uku, duk da mai kwasar sharar unguwa a kura ɗaya yake juye su, ta ce wannan jahilcinsa ne, shi ya shafa. Aka ɗauki hotonta riƙe da koriyar leda tana murmushi, aka kafa a zauren da fasinja ke jira. Daga nan sunan ya bi ta.

Bayan kowane jirgi akwai takardar da shugaba ke sa wa hannu, ta shaida an raba shara yadda aka ce. Ranar da abin ya faru, jirgin ya makara, aka ce minti goma sha biyar kawai suke da shi. Auta ce ke layin baya, inda aka fi ɓarna. Ta duba agogo, ta duba tarkacen da ke gabanta, ta tattara komai ta danna cikin baƙar leda. Uwar Leda ta gani. Karo na uku ke nan, biyun farko ta rufe da faɗa a gida. Wannan karon ta ƙi sa hannu, ta ce ita ba ta shaidar ƙarya. Manaja ya tambaye ta wace ce ta cakuɗa sharar, da muryar nan tasa mai sanyi, ita kuma ta faɗa. A ranta jan kunne za a yi, ko a dakatar da yarinyar kwana biyu ta shiga taitayinta. Ashe masu bincike na tafe a makon, ana neman wadda za a nuna musu an hukunta. Kafin la'asar an karɓe katin shigar Auta, ga ta da 'ya'ya biyu da miji a zaune.

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ninke rigar aikin ta ajiye a kan benci ta fita. Uwar Leda ta je gidanta sau uku, ana ce mata ba ta nan alhali ga takalminta a bakin ƙofa. Abin ya ci ta ƙwarai, har ta rame. Sai dai tana da abin da take rarrashin kanta da shi. Duk sanda ta ɗaure bakin koriyar leda, sai ta ce a ranta ai ba don son kai ta yi ba, wata rana Auta za ta gane. Da wannan ta yi shekara biyu.

Wata safiya wata fasinja ta ta da hankalin ofis, wai zobenta ya faɗa cikin kofi an kwashe da shi. Motar shara ta riga ta ɗauki ledojin jirgin, tana bakin ƙofar fita. Manaja ba ya nan, mataimakinsa sabon zuwa ne, sai ya ce Uwar Leda ta bi motar ta bincike koriyar ledar a inda ake saukewa. Ta hau gaba kusa da direba, wani dattijo da ake kira Dogo, tana ta murna a ɓoye, don yau za ta ga inda ake narka robar da idonta. Dogo kuwa tun da ta shigo ya daina surutu, shi da ba a raba shi da magana.

Suka bi ta bayan katangar filin, suka yi tafiyar kamar minti ashirin a kan hanyar ƙasa. Babu masana'anta. Wani ƙaton rami ne ke ci da wuta, hayaƙi baƙi ƙirin na tashi, wasu mutum biyu da tsumma a hanci suna tura shara da shebur. A bakin ramin ga ledoji nan tuli, koraye da shuɗɗa da baƙaƙe a cakuɗe, wasu ma ta gane ɗaurin hannunta a bakinsu. Tana tsaye aka jefa na jiya, duka ukun tare.

Ta tambayi Dogo ko yau ne kawai, ko injin ne ya lalace. Ya daɗe yana goge sitiyari da hannun riga kafin ya amsa.

"Anti, tun farko haka ne. Masu sayen robar wata biyu suka yi suka daina zuwa. An ce duk abin da ya taɓa abincin jirgi ƙona shi ake yi. Ni dai ɗauka aka ce in yi."

Ta nemi zoben, don an aiko ta ne, kuma ta same shi. A hanyar dawowa baƙin ciki ya rufe ta, ga kunya, irin kunyar wanda aka daɗe ana yi wa dariya a bayan ido.

Da rana manaja ya dawo, ta shiga ofishinsa ba tare da ta cire safar hannu ba. Ya saurare ta har ta gama, bai musa komai ba. Ya ce ai shirin yana nan, ana neman wani kamfanin da zai karɓi robar, kafin nan dole a ci gaba da rabawa don kada hannu ya manta, kuma takardun nan su ake nuna wa masu ba da shaidar kare muhalli. Ya ma yaba mata, ya ce irinta kamfani ke alfahari da su.

"Yallaɓai, ƙanwata fa? Kun kore ta a kan ledar da kuka san wuta za ta ci."

"Uwar Leda, ni ban san wadda ta yi ba sai da kika faɗa mini. Ke kika kawo sunanta."

Maganar mayar da Auta aiki kuwa, ya ce an rufe fayil ɗinta tuntuni. Ya tambayi lafiyar hannunta, ya buɗe mata ƙofa da kansa.

Ba ta koma gida ba, kai tsaye unguwar su Auta ta nufa. A cikin mota tana ta shirya magana. Ganinta shi ne yanzu su biyun duk an cuce su, mutum ɗaya ya yaudare su, idan Auta ta ji za su haɗa kai su yi kuka tare a wuce wajen. Ta tarar da ita a tsakar gida gaban baho uku, don wankau take yi yanzu, hannuwanta sun yi fari saboda sabulu. Babu halin a ce ba ta nan. Uwar Leda ta tsaya a kanta ta zayyana mata komai, ramin da hayaƙin da abin da manaja ya ce.

Auta ba ta daina cuɗa rigar da ke hannunta ba.

"Na sani, Yaya. Duk mun sani. Dogo ya gaya mana tun shekarar farko."

"Kun sani? Ku biyar ɗin? Kuka bar ni ina zura hannu cikin ƙazanta?"

"Wa zai gaya miki? Hotonki na bango. Da mun faɗa, ofis za ki kai mu ki ce muna ɓata shiri. Muka ce a ƙyale ki, tunda abin na faranta miki rai."

Shekara biyar Uwar Leda tana tsaye a kan matan nan, suna raba kofi da gwangwani a gabanta suna haɗa ido. Ta ce to ai ga shi yanzu ta gane, kamfani ne ya shiga tsakaninsu, da ta san gaskiya da ba ta taɓa buɗe baki ba.

A nan ne Auta ta ɗago ta dube ta, karo na farko cikin shekara biyu.

"Wato da ana narka robar da gaske, daidai kika yi ke nan? Ni ba ramin ne ya dame ni ba, Yaya. Ko kujerun zinariya ake yi da ledar, ni ƙanwarki ce."

Ta mayar da kanta kan wanki. Ga kujera 'yar tsugunne a jingine da bango, ba ta ce a miƙo ba. Wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara uku ba ta fito daga ɗaki, ta raɓe a bayan uwarta tana leƙen baƙuwar, ta tambaya a hankali wace ce wannan.

"Wata ce daga wajen aikina na da," in ji Auta, ta matse rigar ta jefa a bahon ɗauraya.