Kashedin da Na Ce Wasa Ne

Ban ajiye kare don sha'awa ba. Shekarar da aka kwance mini awaki biyu daga turke ne na je wajen wani mafarauci a Balan, ya ba ni ɗan kwikwiyo ja mai yankakken kunne, na ba shi gero kwano biyu. Gidana shi ne na ƙarshe a unguwarmu ta gefen Kademi, kuma a bayansa akwai 'yar hanya da masu keke da babur suke bi idan za su ci kasuwannin ƙauye. Kare ya girma, sata ta tsaya, ni kuma na shiga yabon kaina da dabara.

Cikin masu bin hanyar akwai wani Babarbare, sa'ana, mai tallan busasshen kifi da kanwa a keke. Yakan kai har Toranke ya dawo a yini ɗaya. Kakanninsa ne suka zo daga gabas, shi kuwa Barbarcinsa bai wuce na gaisuwa ba, kamar yadda Fulatancina bai wuce na kiran saniya ba. Amma wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari mun riƙe shi hannu bibbiyu. Kusan shekara arba'in bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana", ni kuma ina ce masa "mai ƙarnin kifi". Ranar ukun mahaifina, bayan an shafa addu'a, ya matso kusa da ni ya ce tunda na zama maraya sai in tattara kayana in koma gidan ubangijina. Dariyar da na yi a wurin ita ce ta farko tun da aka yi rasuwar. Ina da 'yan'uwa da abokai, amma ba ni da wani mai sa ni dariya irinsa.

Karen nan ya tsani keke. Da ya ji ƙarar sarƙa sai ya zabura.

"Bawana, ɗaure ƙanen nan naka," in ji Babarbare wata safiya. "Jiya ya kusa raba ni da wando."

Na ce, "Ƙarninka yake bi. Yi wanka ka gani."

Ya sake faɗa bayan kwana biyu, na sake mayar masa da wata. A karo na uku sai da ya sauka daga keken, ya jingine shi a jikin dangata, ya nuna mini ƙafar wandonsa a yage. Ya ce, "Na ce ka ɗaure shi. Mata da yara suna bin hanyar nan." Babu dariya a fuskarsa, kuma na lura da hakan sarai. Amma bakina ya riga ya saba, na ce yaushe ubangiji ya fara tsoron karen bawansa. Ya girgiza kai ya hau kekensa. Sarƙar ɗaure kare kuwa tana nan rataye a jikin rumbuna.

Ana tsakiyar noman farko abin ya faru. Ina gona da hantsi maiɗakina ta kira ni a waya ta ce in zo maza. Na tarar da Babarbare zaune cikin taɓo, keke a gefe, buhun kifi ya fashe, karen ya fizge masa tsoka a sharaɓa. Na goya shi a babur ɗin maƙwabci zuwa asibiti a Gaya. Aka wanke ciwon, aka fara yi masa allurar cizon kare, irin wadda ake komawa ana yi, aka ce in ɗaure karen kwana goma a ga ko yana da hauka. Ranar ce na sauko da sarƙar.

Karen lafiyarsa ƙalau, amma ciwon ya ƙi warkewa, ya yi ruwa, ƙafa ta kumbura. Wata biyu Babarbare bai taka feda ba. Jarinsa ya tafi a magani da kuɗin zirga-zirgar Gaya, gonarsa kuma ciyawa ta rufe ta. Ranar farko na ba da abin da ke aljihuna, na je dubiya sau biyu da burodi da sukari. Daga nan na daina zuwa, don kunya nake ji in ga ƙafar.

Ba shi ne ya kai ƙara ba, ƙanensa ne ya kai wurin dagaci. Ana gobe za a zauna, yayana ya same ni bayan la'asar ina ba shanun huɗata dusa. Guda biyu ne, da su nake noma, da su nake yi wa mutane huɗa in sami na taki. Ya dube su ya ce idan aka ɗora mini diyya sai ɗaya ya tafi kasuwa, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. Ya tambaye ni ko mutumin ya taɓa yi mini magana a kan karen. Na ce ya yi. Ya ce, "Kai da Babarbare, yaushe maganarku ta zama magana?" Ban tambaye shi nufinsa ba.

Aka zauna a zauren dagaci, da liman da dattawa kamar shida. Babarbare ya zo da sanda, ya miƙe ƙafar a kan tabarma. Liman ya yi bayani a taƙaice. Ya ce ajiye kare don gadin dabbobi babu laifi, kuma ba kowace ɓarna ce ake ɗora wa mai dabba ba. Amma idan an yi wa mutum kashedi cewa karensa yana kai wa mutane hari, ya yi sakaci, to abin da ya biyo baya a wuyansa yake, da magani da asarar da aka yi. Saboda haka magana ɗaya ce: an yi kashedi ko ba a yi ba.

Dagaci ya tambayi Babarbare, ya ce, "Sau uku, ranka ya daɗe."

Ya juyo gare ni. "Haka aka yi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowa a nan ya san tsakanina da shi. Shekara arba'in muna wasa. Ni wasa na ɗauka."

Zaure ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce idan za a riƙa kama Bafillace da abin da Babarbare ya faɗa masa, rabin garin nan a gidan yari za su kwana. Dagaci ya tambaya ko akwai wanda yake wurin lokacin da aka yi maganar. Babu kowa, daga ni sai shi. Ƙanen ya fusata, ya ce su za su wuce kotu a Gaya, a ba ni Alƙur'ani in rantse. Ni kuwa na san ba zan iya ba. Sai Babarbare ya ɗaga masa hannu.

"Bar shi," ya ce. "Tunda ya ce wasa ne, wasa ne."

Aka yi sulhu a kan in ba da wani abu da sunan taimako, in kuma fitar da karen daga gari. Na mayar wa mafaraucin abinsa. Shanuna biyu suka kwana a turkensu, yayana ya ce Allah ya rufa asiri.

Da ƙafar ta yi sauƙi, Babarbare ya koma kasa ɗan kifi a faranti a ƙofar masallaci, don babu jarin cika buhu. Ranar da na fara wucewa ta gabansa ya ce, "Malam, ina kwana? Ya iyali?" Na zaci sabon salon tsokana ne, na tsaya ina jiran sauran. Shi ke nan maganar. Na jefa masa ta ƙarnin kifi, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo, ya juya yana sallamar mai saye. Haka muka yi ta yi har aka yi girbi, kullum gaisuwa cikakkiya, da tambayar gona da tambayar yara. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Bayan an ɗaure gero na kai sa ɗaya kasuwa, ba wanda ya sa ni. Na fara biyawa ta wurin dagaci na gaya masa gaskiya, ya ce in je in gaya wa mai haƙƙi. Na sami Babarbare a zaurensa yana gyaran tayar keke. Na ajiye kuɗin a gabansa na ce, "Kashedi ka yi mini. Na ukun nan ba wasa ba ne, kuma tun a lokacin na sani. Ƙarya na yi a gaban mutane."

Ya karɓa, don haƙƙinsa ne. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya sa aka kawo mini ruwa a kofin baƙi, ya yi mini addu'a mai tsawo. Na sha ruwan, na zauna ina jira ko zai ce wani abu, shi kuma ya ci gaba da liƙe tayarsa. Da na tashi ya rako ni har ƙofa. Na daure na ce, "To, mai ƙarnin kifi, bawanka zai tafi."

Ya ce, "Na gode ƙwarai, Malam. A gaida gida."