Tumbin Tsinke

Tun yana yaro ake kiransa Tsinke, don a lokacin in iska ta taso da ƙarfi sai uwarsa ta riƙe masa hannu. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi wurin koyon gyaran wuta, ya bi shi har gidan aurensa. Jikin ne bai tsaya inda sunan ya tsaya ba. Da ya haura shekara arba'in, duk baƙon da ya shigo layin masu gyara ya ce yana neman Tsinke, aka nuna masa mutumin da ya cika ƙofar shago taf, sai ya ɗauka tsokanarsa ake yi.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne, jikin na mai walda. Nannaɗaɗɗun wayoyi ja da baƙi a rataye a bango, fankoki marasa fiffike a jibge a lungu, kwalin soket da makunnai a ƙarƙashin benci, tsanin ƙarfe a jingine bayan ƙofa. Aikinsa ba shi da makusa. In ya ja wa gida waya, sai dai ginin ya tsufa ya bar ta. Amma aikin ne ya tara masa tumbi. Duk gidan da ya shiga, kafin ya buɗe jakar kayan aiki an dire masa lemon kwalba mai sanyi, in rana ta take a biyo da faranti. Da safe kuma shayi mai kauri da burodi shafe da bota. Ga babur, ko ƙwan fitila zai sayo a bakin titi sai ya hau.

Ranar da abin ya fashe, yana aiki ne a gidan wani malamin makaranta. Waya ta ƙone a cikin silin, dole a shiga ta 'yar ƙofar da ke saman baranda. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga da ƙyar, ciki ya ce atafau. Ya yunƙura sama, babu. Ya yunƙura ƙasa, babu. Garin mutsu-mutsu tsanin ya zame, ya rage ƙafafu biyu na lilo a tsakar baranda, yaran gidan sun kewaye suna kallo. Mai gidan ya kira mai walda a waya. Mai walda ya zo da guduma, amma sai da ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye kafin ya ɓamɓare katakon. Tsinke ya sauko riga a yage, ƙusa ta karce shi a haƙarƙari.

Allurar ƙusa ya je yi asibiti. Likitar, wata gajeriyar mace mai tabarau, ta duba karcen ta ce ba komai ba ne. Ta auna jininsa, ta sake aunawa, sannan ta ce ya hau sikeli.

"Malam, ƙusar nan taimakonka ta yi da ta kawo ka. Jininka ya hau, suga kuma yana bakin ƙofa. Kilo ashirin nake so ka sauke, a hankali."

"Likita, ni fa ba wani ci nake yi ba."

"Kowa haka yake ce min." Ta cire tabarau. "Kowane abinci yana da ƙarfin da yake ba jiki, shi ake aunawa da kalori. In ka ci fiye da abin da jiki ya ƙone, sai ya ajiye sauran. Ga ɗakin ajiyar nan." Ta nuna cikinsa da biro.

Ta sa aka saka masa manhaja a waya da zai riƙa shigar da duk abin da ya ci. Ta ce rabin faranti ganye, sauran a raba tsakanin shinkafa ko taliya da kifi ko wake. Ruwa a madadin lemo. Tafiyar ƙafa kullum da safe har ya yi gumi.

Ya fito da zafinsa kamar sabon soja. A hanya ya sayi ƙaramin sikelin kicin, ya shiga gida da shi a hammata.

Gidan ɗaki uku ne da falo, mahaifiyarsa Inna tana zaune tare da su tun rasuwar babansa. Matarsa, wadda yake kira Maman yara, mace ce da ke tinƙaho da girkinta, kuma ta cancanta. Ta zuba masa abinci kamar kullum, sai ta ga ya kwashe shinkafar yana ɗorawa a kan sikeli.

"Maman yara, cokali nawa na mai kika sa a miyar nan?"

"Cokali? Ni tunda nake ban taɓa auna mai da cokali ba. Da ido nake zubawa."

"To idon nawa ne? Wayar tana tambaya."

"Ka ce mata ta zo ta yi girkin."

Inna tana gefe a kan tabarmarta, ta riƙe baki. "Ɗan nan, ko fursuna ba a auna masa shinkafa da sikeli. Na sha wuya kafin ka yi jikin nan. Yanzu da ka zama mutum shi ne za ka zubar?"

Ya ci ɗan abin da ya auna, ya tura kabeji da kokwamba a kai, ya tashi cikinsa na ƙugi kamar tsohuwar firiji.

Tafiyar safe ma ba ta bar shi da daɗi ba. Bai kai kwanar layinsu ba mai kanti ya leƙo: "Tsinke, babur ya lalace ne?" Gaba kaɗan wani maƙwabci ya taka birki: "Haba, shigo mana, ai ba ka tafi a ƙasa ina gani ba." Ya ce motsa jiki yake yi. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya ja mota. Cinyoyinsa suka saɓule, gwiwa ta fara ƙara in zai tsuguna gaban soket.

A gidajen aiki kuwa, in ya ce ruwa kawai zai sha, sai fuskar masu gida ta sauya, kamar ya raina musu. Wata tsohuwa ta ce, "Ko ƙyanƙyaminmu kake yi?" Dole ya kurɓa, ya fito yana lissafin abin da kurɓin ya jawo masa. Shi kuwa mai walda, wanda jikinsa kamar rodin da yake yankawa, sai ya sayo soyayyen dankali da ƙwai, ya zo ya zauna a kan bencin Tsinke ya baje.

"Bismillah, abokina. Au, na manta, kai yanzu ɗan'uwan zomo ne."

"Ka tashi min a benci."

"Ni fa cikina maƙera ce, duk abin da na jefa sai ya narke. Kai kuwa ko ƙamshi ka shaƙa sai ya zauna."

Gaskiyar maganar ce ta fi ba shi haushi.

Wata ya cika, ya je kantin magani ya hau sikeli. Kilo ɗaya. Ya sauka, ya cire takalmi, ya ciro filaya da sukundireba daga aljihu, ya sake hawa. Kilo ɗaya dai. Duk yunwar nan, duk gumin nan, duk faɗan da ya yi da yara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya tsaya yana kallon allurar kamar ya ɗauki sikelin ya maka da ƙasa.

Bayan kwana biyu ya dawo gida da rana ɗaukar tef da ya manta, ya tarar da Maman yara a kicin tana tsiyaya mai a cikin 'yar tukunyar da ake ware masa. Inna na bakin ƙofa tana cewa, "Ƙara, ƙara, ai ba zai gane ba."

Ya tsaya cak. "Wato ni nake kwasa, ku kuna zubawa."

Maman yara ta ajiye galan, idonta ya ciko. "To ya kake so in yi? Yayarka ta zo har gidan nan ta ce ina horar da kai da yunwa. Inna kullum tana cewa fuskarka ta faɗa. Kai ka fita ka bar ni da su. Ni ce ake zagi, ba wayarka ba."

Ransa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce tunda haka ne ya daina cin abincin gidan. Ya shiga horon kansa, shayi ba suga da safe, kokwamba da rana, ya kwanta haka. Sikeli ya fara sauka, ya ce ashe ga maganin. A mako na biyu yana kan tsani yana ɗaura fanka, ya ga ɗakin yana juyawa alhali bai kunna komai ba. Allah ya sa ya rungume tsanin, ya sauko a hankali, ya zauna a ƙasa gumi mai sanyi na keto masa. Da yamma kuwa ya tsinci kansa a wani shagon abinci ya share faranti biyu da lemo biyu, bai shigar da ko ɗaya a waya ba.

Da ya koma wurin likita ya zayyane mata komai, ba ta tausaya masa ba.

"Na ce ka rage, ban ce ka kashe kanka ba. Mai yunwa irin wannan ramuwar gayya yake yi. Ka ci sau uku, ka ƙoshi, amma da abin da ya dace. Kuma gobe ka zo min da mai girkin."

Maman yara ta je tana cika tana batsewa, ta zauna a bakin kujera kamar wadda aka kawo ƙara. Likitar ba ta yi mata wa'azi ba. Takardar awon jininsa ta nuna mata, ta faɗa mata abin da hawan jini ke yi wa mutum in ya ga dama, da yadda ake jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Suka kama hanyar dawowa. Sai da suka kusa gida Maman yara ta ce, "Cokali biyu na mai ta ce ko? To cokali biyun. Amma kai za ka faɗa wa Inna da bakinka."

Ya faɗa wa Inna. Ta ce ta ji. Washegari ya sami ƙullin biskit a jakar kayan aikinsa, tsakanin filaya da tef.

Daga nan abin ya fara tafiya, tafiyar hawainiya. Wando ya fara zamewa, ya huda wa bel sabon rami da ƙusa. Numfashi ya daina tsinkewa a kan bene. Ya ɗauka yanzu zai ji sambarka, ashe sabon babi ne. Duk wanda ya gamu da shi sai ya rage murya: "Tsinke, lafiya kuwa? Ka rame." Aka fara raɗe-raɗi a layi, wasu suka ce suga ce ta cinye shi, wasu suka ce kasuwa ce ta karye. Wani tsohon abokin ciniki ya kai aikinsa wani wuri, da suka haɗu ya ce, "Na ji ba ka jin daɗi, ban so in wahalar da kai ba." Wata ranar hutu 'yan'uwa suka cika falo, wai sun zo dubiya, ɗauke da katan ɗin lemo.

"Da ina da tumbi kun yi min dariya," in ji shi. "Yanzu na rage kun zo min jaje. Ku faɗa min inda zan tsaya."

Yayarsa ta dubi Inna ta ce, "Kin ji ko? Har faɗa ciwon ya sa masa."

Saboda maganganun nan ne Maman yara ta fara binsa tafiyar safe, wai don mutane su ga ba korarsa take yi daga gida ba. Ba ta ƙirga komai, ba ta da manhaja, ba ta taɓa sikelin kicin sai in za ta goge shi. Abin da aka dafa take ci, wani lokacin har da ƙari.

Shi kuwa da ya sauke kilo tara, allurar sikeli ta kafe. Mako ya bi mako, ko gezau. Ya rage burodi, ya ƙara nisa, ya koma hawa benen wata makaranta yana sauka. Likita ta ce haka jiki yake yi, ya ci gaba, jininsa ya yi kyau sosai. Ya ce shi ba jini yake gani ba, tumbi yake gani.

Wata safiya suna dawowa suka biya kantin magani. Ya hau, ya sauka yana tsaki. Mai kantin ya ce, "Madam, ke ba za ki gwada ba?" Ta ce ita me ya dame ta, amma ta hau don wasa. Mai kantin ya leƙa, ya tambaye ta nawa take a da. Ta faɗi abin da aka auna ta a asibiti bara. Ya lissafa da yatsu.

"Kilo goma kika sauke."

Tsinke ya ce a sake. Aka sake. Goma dai.

"Ke da kike cin burodi da bota a gabana?"

"To ni na sani? Ni dai rakiya na zo."

Har suka fito titi yana ƙwafa. Ya ce duniya ba adalci, ya ce sikelin ma na son kai ne, ya ce daga yau ya bar tafiyar, kowa ya ji da jikinsa. Ta bar shi ya gama. Sannan ta gyara ɗaurin takalminta ta ce yau ta hanyar gada za su bi, don ta fi nisa, kuma tana da wanki yana jiranta. Ta yi gaba abinta.

Ya tsaya a bakin titi hannu a ƙugu. Wani mai babur ya rage gudu ya yi masa hon. Tsinke ya dube shi, ya dubi bayan matarsa da ta kusa shan kwana, ya ja dogon tsaki.

"Wuce, malam," in ji shi. Ya ɗaga murya: "Maman yara! Ki jira ni mana, tsere muke yi?"