Yadda Injiniya Ya Tsufar da Muryar Kawu

Injiniya dai ba injiniya ba ne. Ɗan gwaggonmu ne, shi ya laƙa wa kansa sunan ranar da ya sayo sifika biyu, ya kama wani ɗaki a bayan shagon mai gyaran takalmi, ya rubuta situdiyo a ƙofa. Ɗakin kuwa, in ka yi atishawa a ciki sai bango huɗu sun amsa maka. Amma ka ji shi wajen cika baki: wai kunnensa yana jin tarin sauro daga tsallaken titi, har ya gaya maka mace ce ko namiji.

Sifikun nan can cikin kusurwa ya cusa su, ɗaya dama ɗaya hagu, bayansu manne da bango, don a nan ne bes, wato kaurin sauti, yake kumbura. In ya saki kiɗa, kofin shayi ya kama rawa a kan tebur, mawaƙi ya dafe ƙirji yana cewa, "Injiniya, ka gama da ni!" Abin da bai sani ba, rabin rugugin nan na ɗakin ne, ba na waƙar ba. In ya zauna haɗa sauti sai ya ji kauri ya yi yawa, ya yi ta ragewa, ya yi ta ragewa. A ɗakin komai tsaf. Da an fita da waƙar waje sai ta koma kiɗan gwangwani. Shekara uku yana ɗora laifin a kan rediyon mutane da wayoyinsu, har da kunnuwansu.

Sai ga Kawu. Tsohon direban babbar mota ne, in ya yi gyaran murya kajin unguwa sai sun watse. Waƙa ɗaya gare shi a duniya, wadda ya tsara wa marigayiyar matarsa, yana so a ɗauka don jikoki su ji bayan ransa. Ya zo da sabon aski, ya tsaya gaban makirufo hannu a baya, ya rera tasa. Injiniya ya yi kwana biyu yana gyara. Ranar ji, dangi suka kewaye motar Kawu, aka kunna. Abin da ya fito, wallahi sai ka ce an matse ɗan akuya da ƙofa.

Kawu ya kashe rediyon. "Kai, ni ne wannan?"

Nan ya kamata Injiniya ya kama bakinsa. Ina! Sai ya gyara wuyan riga. "Kawu, na'ura ba ta ƙarya. Shekaru ne. Murya ma tsufa take yi."

"To," in ji Kawu. "Allah ya yi maka albarka."

Daga ranar bai sake waƙa ba. Mutumin da ko mota yake wankewa sai maƙwabta sun haddace baiti, ya koma ko sallama ciki-ciki yake yi.

Bayan wata biyar mai ɗakin da ya ba shi haya ya turo mai fenti. "Malam, janye min akwatunan nan daga bango, ko in shafe su tare." Suka jawo su tsakiyar ɗaki. A bayan kowace, ƙarƙashin yanar gizo-gizo, ga wani ɗan maɓalli da zane uku: sifika a fili, sifika jikin bango, sifika a kusurwa. Yana nan kan na farko, yadda ya fito daga kwali.

"Wannan ɗan mitsitsin fa, na mene ne?" in ji mai fenti.

"Ba fanninka ba ne."

"Haka ne. Ni dai na ga zanen kusurwa, kuma a kusurwa na same su."

Gumi ya karyo wa Injiniya har cikin safa. Fenti na bushewa ya ajiye sifikun taku biyu daga bango, daidai tsayin kunnensa, ya karkato su suna kallonsa, ya jingina tsohuwar katifa a bangon da ke bayan kujerarsa. Ya kunna waƙar Kawu da ya gyara: ɗan akuyan nan ne, yanzu a cikin ɗakinsa. Ya buɗe asalin ɗaukar, wadda bai taɓa ba. Murya ta taso kamar babbar mota tana hawa tudu da kaya. Ya ɗora hannu a ka, ya kasa saukewa.

Da ya gaya wa matarsa, ko ɗago kai ba ta yi ba daga guga. "Sai ka je ka faɗa masa."

"In ce me?"

"Ka ce na'ura ba ta ƙarya. Mai ita ne."

Ya sake haɗa waƙar. Sau uku yana wuce ƙofar gidan Kawu kamar mai neman ɓatacciyar tunkiya, a na huɗu ya shiga ya durƙusa. Ya roƙi makullin mota, suka zauna ciki su biyu, ya kunna. Kawu ya saurara har ƙarshe, yana kallon sitiyari. Da aka zo baitin da ya ambaci marigayiya, ya cire hula ya goge fuska da ita.

"Wata biyar," ya ce, "ina jin kunyar gaishe da mutane da ƙarfi."

"Kawu, ai bangon ne ya..."

Kawu ya juyo ya dube shi.

"Ni ne, Kawu. Laifina ne. Muryarka ba abin da ya same ta."

"Sake sa ta."

Sau huɗu ya sa ta, kansa a sunkuye. A na biyar Kawu ya bi ta da baki, gilashin mota ya kama kyarma, kaji suka yi ta kansu.

Kawu ya yafe, amma bai sake kiransa Injiniya ba. Kusurwa yake ce masa, dangi kuma suka ɗauka, har matarsa in ta yi fushi. Yana amsawa.