Matar Da Ba Ta Yarda Da "Ba Komai" Ba

Ƙarfe bakwai saura kwata take isowa, kafin mai shara, wani lokacin ma mai gadi bai gama shan shayinsa ba. Makullin ɗakin gwaji yana ɗaure a hannun jakarta da wani tsohon zare. Ta buɗe, ta ɗaga labule, sannan ta shiga aikin da ba ta taɓa bar wa kowa ba cikin shekara ashirin da shida: jera kujeru uku. Biyu na mata da miji, ɗaya ta mai ba da shawara. Ba ta sa su fuskanci juna kamar a kotu. Karkata su take yi kaɗan, yadda wanda ya so kallon abokin zamansa zai iya, wanda bai so ba kuma ga bango nan. Kwalin tishu a tsakiya yake zama, don a cewarta idan ka tura shi kusa da mace, ka riga ka yanke wa namiji hukuncin cewa ba shi da hawaye. In ta gama sai ta zauna a kujera ta uku ita kaɗai, ta yi shiru kamar minti goma. Mai shara ya ce ya daɗe yana zaton addu'a take yi, sai daga baya ya gane shirun take gwadawa kafin masu shi su iso.

Ita ce shugabar horaswa a cibiyar da ake koyar da aikin ba ma'aurata shawara. A gabanta Malama muke ce mata. A bayan idonta kuwa, Malama Ba-Komai. Makon jiya ta ajiye aiki, kuma na san in ban rubuta wannan ba, ba wanda zai rubuta.

Ni dai a jikina na koyi dalilin wannan suna. Wata uku da fara kwas, kaina cike da littafi, ina jin ko duwatsu aka aurar zan iya sasanta su. Aka ba ni zamana na farko da wani mai gyaran lantarki da matarsa, malamar makarantar yara. Sun amince Malama da sauran ɗalibai su kalle mu ta gilashin nan da ake gani ta gefe ɗaya. Matar an yi mata aiki a asibiti, ranar sallama mijin bai je ba, aiki ya riƙe shi. Ya yi bayani ya ƙara, daga ƙarshe ya ce, "To ki yi haƙuri mana."

Ta ce, "Ba komai."

Ni kuwa har da murmushi na ce, "To, madalla," na fara rufe biro. Sai na ji an ƙwanƙwasa gilashi sau biyu, alamar in fito ke nan. Na tarar da Malama a baranda ta sha mur.

Ta ce, "Me matar nan ta ce?"

"Ta ce ba komai, Malama."

"Ina take kallo lokacin da ta faɗa?"

Na ce ban lura ba.

"Takalminta take kallo. 'Yata, mutum ba ya barin ajinsa da safiyar Talata ya zo nan don kawai ya gaya miki ba komai. Koma. Kada ki tambaye ta ko kalma ɗaya. Ki ƙirga numfashinki har goma. In bai isa ba, ki ƙara goma."

Na koma na zauna. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Fanka tana juyawa, mijin yana murza hularsa, ni ina gumi. Ina kan na goma sha bakwai matar ta ce, a hankali, ba ta ɗago ba, "Ni na ɗauko jakata da kaina. Nas ce ta riƙe min ƙofa." Mijin ne ya fara miƙa hannu wajen kwalin tishun. Suna tare har yau, kuma duk ranar da fankar ɗakin nan ta ƙi juyawa, shi ke zuwa da tsaninsa.

A aji Malama ta kan ce "ba komai" iri-iri ce. Akwai ta yafiya, ita ce mafi ƙaranci. Akwai ta gajiya. Akwai ta wanda ya san in ya fara ba zai iya tsayawa ba. Akwai kuma ta wanda ya riga ya haɗa kayansa a zuciya, ƙofa kawai yake nema. Ta ce maza sun fi mu iya ta, tasu dai da ƙarfi suke faɗa don kada a sake tambaya. Ba ta taɓa koya mana cewa dole kowane aure ya ɗore ba, kuma inda ta ji alamar duka, raba zaman take yi nan take ta ji kowa shi kaɗai. Abin da ta dage a kai shi ne kada wani ya fita ɗakin nan da maganarsa a maƙoshi saboda mu mun ƙagara mu ce madalla.

Akwai wani ɗan ajinmu da muke kira Lasifika. Mutumin kirki, amma ko atishawa ka yi sai ya ba ka shawara. Malama ta ajiye masa kofin ruwa a ɗakin gwaji ta ce duk sanda ya ji nasiha ta taso masa, ya kurɓa. Kofi huɗu ya shanye a zama ɗaya, ya fita da gudu yana neman banɗaki. Yau shi ke horar da wasu a wata cibiya, kuma an ce ba ya shiga zama sai da kofinsa.

Abin da ba a gaya wa mai shiga wannan aiki shi ne kaɗaicinsa. Wanda likita ya yi wa aiki har tabon yake nunawa yana yabon likita. Wanda aka gyara wa aure kuwa ba ya son a san auren ya taɓa ɓaci. Malama da kanta ta koya mana kada mu fara gaishe da wanda muka taɓa zama da shi in mun haɗu a waje, don kada mu tona shi. Na taɓa ganinta a kanti, wasu mata da miji da na san ta sha wahala a kansu wata takwas suka hango ta, suka juya kan kwandonsu suka bi wani layin. Ta ci gaba da duba sabulu kamar ba ta gan su ba. A ofis ita kaɗai take cin abincin rana, ƙofa a rufe, don abin da ta ji tun safe ba na hira ba ne.

Ke ce, Malama, wadda gidaje da yawa suke tsaye a kan haƙurinki amma ba a ambaton sunanki a cikinsu. Ke ce mai kunnen da ba ya gajiya. Kin koya wa mutum sama da ɗari huɗu yadda ake jira, kin sallame mu ɗaya bayan ɗaya, kowace shekara kuma ki dawo ki jera kujerun nan wa sababbi.

Ranar bankwanarta mu tara muka zo. Sauran saƙo suka turo ta waya, da hoton fure. Kujerun da aka jera a zaure suka yi ta kallonmu, lemo ya yi saura. Da aka tashi na same ta tana kwance zaren makullin nan daga jakarta. Na ce, "Malama, ki yi haƙuri, mutane ba su samu zuwa ba."

Ta ce, "Ba komai, 'yata."

Na yi mata fatan hutu mai albarka, na shiga mota. Sai da danja ta tsayar da ni tambayar ta faɗo min: ina take kallo lokacin da ta faɗa? Makullin take kallo. Shekara goma sha shida ina wannan aiki, na sake faɗawa ramin da ta ciro ni a zamana na farko. Daga nan sauran suka yi ta dawo min. Lokacin da ɗanta ɗaya tilo ya koma nesa da iyalinsa, mun tambaya, ta ce ba komai. Lokacin da aka yi mata aikin ido ta dawo da bandeji, ba wanda ya tambayi wa ya raka ta. Mun raɗa mata suna da kalmar, muna dariya, ba mu taɓa tsayawa mun saurare ta a bakinta ba.

Ran Litinin da la'asar na je gidanta. Kunya ce a gare ni in faɗa, amma wannan ne zuwana na farko. A falon kujeru uku ne, a karkace, yadda na san su. Ta kawo shayi, ta zauna.

Na ce, "Malama, ya hutun?"

"Ba komai, sai godiya." Idonta yana cikin kofin.

Na ja bakina na yi shiru. Na kai goma, na ƙara goma. Ta ɗago ta harare ni ta saman tabarau.

"Ke, kayan aikina kike gwadawa a kaina?"

Agogon bango yana ta tafiya, shayin ya daina tururi. Can ta ajiye kofin.

"Yau ma ƙarfe shida na shirya," in ji ta. "Har na sa takalmi. Sai na tsaya a bakin ƙofa na rasa inda zan je."

Na ci gaba da ƙirga.

"Shekara goma sha ɗaya baban yarona yana tambayata me ke damuna, ina ce masa ba komai. Mutumin kirki ne, sai ya yarda. Ranar da muka rabu ya ce shi bai taɓa sanina ba, kuma gaskiya ya faɗa. Shi ya sa na shigo aikin nan." Ta cire tabaran ta goge da gefen mayafinta. "Tun daga ranar, 'yata, ba wanda ya taɓa jira na har goma."

Babu kwalin tishu a falon. Mun yi amfani da mayafanmu. Da ta nutsa sai ta ce, "Kin kai nawa?" Na ce arba'in da uku. Ta ce, "Ba laifi. Amma kin motsa ƙafa sau biyu, na gani." Ita ce ta ba ni izinin rubuta wannan, ta ce in har zai sa wani ya rufe bakinsa na minti ɗaya, in rubuta.

To, ga shi na rubuta. Mai karatu, akwai wani a gidanka ko a wajen aikinka da ya ce maka ba komai a makon nan. Ka tuna inda yake kallo. Ka koma ka zauna, kada ka tambaya, ka ƙirga. Ku kuma 'yan ajinmu, da na gabanmu da na bayanmu, har da kai Lasifika, falon nan yana da kujeru biyu da ba mai zama a kansu. Ni na ɗauki Litinin, saura kwana shida.

Malama, mun gode. Allah ya saka miki da alheri a kan kowane gida da kika riƙe ba tare da an san hannunki ba ne, ya ba ki lafiya da tsawon rai. Mun daɗe muna amsar kalmar nan daga bakinki muna wucewa. Ki yafe mana. Amma don Allah, wannan karon kada ki yi saurin amsawa. Za mu jira.